Dokar Amurka kan bindigar da na'ura ba ta gani

Mutane da yawa sun ɗauka in aka ƙera bindiga da abin da mayen ƙarfe baya kamawa shikenan ta wuce na'urar filin jirgi. Ba haka abin yake ba wallahi. Na'urar nan da ake ratsawa ba maganaɗisu kaɗai take nema ba, alminiyom da tagulla ma duk tana jinsu tunda suna ɗaukar lantarki.

Asalin maganar tun shekarun 1980 ne lokacin da bindigar Glock 17 ta ƙasar Ostiriya ta shigo Amurka, jikinta roba ne, sai aka yi ta ihun ai 'yan ta'adda za su shiga jirgi da ita, alhali bututunta da saman da ke zamewa duk ƙarfe ne, na'ura na ganinta sarai. Duk da haka majalisa ta yi doka, Shugaba Reagan ya sa hannu a Nuwamba 1988.

Abin da dokar ta ce a taƙaice: haramun ne ka ƙera, ka shigo da, ka sayar ko ka mallaki bindigar da in an cire mariƙinta da gindinta da gidan harsashi na'ura ba za ta ji ta kamar yadda take jin ƙarfe mai nauyin oza 3.7 ba, wato kusan giram 105. Sannan manyan sassanta dole su fito da ainihin siffarsu a na'urar hoton kaya. Wanda ya karya, ɗauri har shekara 5. An ware wadda ake yi wa sojoji da hukumar leƙen asiri.

Dokar tana da wa'adi, sai an sabunta, an yi a 1998 da 2003 da 2013, na baya bayan nan a 2024 zuwa 2031. Na 2013 ɗin ya fi zafi don a shekarar ne wani Ba'amurke mai suna Cody Wilson ya fitar da Liberator, bindigar roba da firintar 3D mai ƙera kaya ta buga. Ita roba fa ba ta jure zafi da matsin fashewar albarushi, tana tsagewa, tana iya tarwatsewa a hannun mai harbin, kuma harsashin kansa ƙarfe ne.

Abin da ke damuna shi ne a lokacin Sanata Chuck Schumer ya nemi a tilasta ƙarfen da ke sa na'ura ta ji bindiga ya zama sashen da ba a cirewa daga jikinta, majalisa ba ta amince ba, aka sabunta dokar yadda take.