Kayan cikin saba da abin da ake dubawa kafin a biya kuɗin hostin

Saba, wadda wasu ke ce wa uwar garke, kwamfuta ce da ake ajiye shafin intanet a cikinta, ba a kashe ta dare da rana, duk wanda ya buɗe shafinka a wayarsa ita ce ke miƙa masa. Shi kuwa hostin hayar wuri ce kawai a cikin saba. Ko dai ka kama ɗaki a gidan da ke cike da 'yan haya, ko VPS wato a yanka maka naka kason, ko ka ɗauki gidan sukutum kai kaɗai.

Furosesa ita ke yin lissafin komai, yawanci za ka tarar Intel Xeon ce, wadda ta fito tun 1998, ko AMD EPYC ta 2017. Amma fa a kula, in an rubuta maka vCPU biyu ba wai furosesa biyu aka ba ka ba, wani yanki ne na guda ɗaya kuma sau da yawa da wasu kuke rabawa, shi ya sa in maƙwabcinka ya samu cunkoson masu ziyara kai ma sai naka shafin ya fara jan ƙafa. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, na saba kuwa galibi irin ECC ne mai gyara ƙananan kurakurai da kansa, in RAM ɗin ya yi kaɗan shafinka na WordPress (manhajar gina shafi) tsayawa zai riƙa yi da mutane sun ɗan yi yawa.

Wurin da aka fi ruɗar mutane shi ne ma'ajiya. Ana ta tallan "wuri mara iyaka", alhali ba girman ba ne damuwar ƙaramin shafi, saurin ne. Tsohon faifai na HDD juyawa yake yi, sau 7,200 a minti ga yawancinsu, sai allura ta nemo abin da ake so. Sabon faifai na SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, sai dai wanda ake jonawa ta tsohuwar hanyar SATA ba ya wuce wajen megabayit 550 a daƙiƙa, shi kuma SSD mai sabuwar hanyar NVMe da aka fitar da ƙa'idarta a 2011 dubbai yake yi. Ga shafin da ke ta tambayar rumbun bayanai kamar na saye da sayarwa, gaskiya bambancin a fili yake.

Sai RAID, wato a haɗa faifai biyu ko fiye ta yadda in ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Yana da kyau, amma don Allah kar a ɗauke shi a matsayin kwafin ajiya, domin duk a gini ɗaya suke. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai (gine-ginen ajiye saba) na kamfanin hostin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, waɗansu da ba su da kwafi a wani gari sun rasa bayanansu har abada.

Alkawarin da kamfanonin hostin ke yi kuma na cewa saba za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, in ka lissafa, ya ba kamfani damar ɗaukewa kusan awa 9 a shekara.