Ondansetron: wane irin amai yake hanawa?

Kwanan nan sunan ondansetron ya baro sashen masu cutar kansa ya shiga bakin kowa. Mai kemis na miƙa shi, masu bidiyon lafiya na ambatonsa, kowa da bayani ɗaya: "maganin amai ne." Wannan bayanin ne ke ba ni haushi, don ya sa ana ɗauka kowane amai ƙwaya ɗaya ce maganinsa.

Kamfanin Glaxo na Ingila ne ya haɗa shi a shekarun 1980, Amurka ta amince da shi a 1991 da sunan Zofran, kuma saboda matsala takamaimiya aka yi shi. Maganin cutar kansa da ake ɗurawa ta jijiya, wato kemo, yana illata bangon hanji. Sai hanjin ya saki wani sinadari mai suna serotonin, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake. Sinadarin ya taɓa jijiyar da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni a amayar. Aikin ondansetron shi ne ya riga serotonin zuwa wurin ya toshe. Shi ya sa ake ba da shi kamar minti 30 kafin a fara kemo, a tiyata kuwa tun kafin mutum ya farfaɗo. Rigakafi ne. Wanda ya jira sai zuciya ta tashi ba zai samu cikakken amfaninsa ba.

Jiran nan ba ƙaramin abu ba ne. Da maganin kemo mai suna cisplatin, in babu rigakafi, fiye da mutum 9 cikin 10 sai sun yi amai. Wanda ya sha wuya a karon farko, karo na biyu warin asibiti kawai ya isa ya tayar masa da zuciya tun ba a sa allura ba, kuma ondansetron ba ya iya wa irin wannan. Daga nan wasu ke ƙin komawa, a ce kemo ya fi cutar muni. A ganina laifin sakaci da rigakafi ne. Aman da ke biyo baya bayan awa 24 ma ƙarfin ondansetron kaɗan ne a kai, sai an haɗa da magunguna irin su dexamethasone, aprepitant ko olanzapine.

Aman mota kuwa daga cikin kunne yake tasowa, ondansetron bai san hanyar ba. Wannan aikin magunguna irin su promethazine ne.

Kuma ba alewa ba ne. Yana sa taurin bayan gida da ciwon kai, yana iya rikita bugun zuciya, har a 2012 aka janye allurar miligiram 32 ta lokaci guda a Amurka. Haɗarin ya fi yawa ga wanda amai da gudawa suka ƙarar wa gishirin jiki, wato daidai mutumin da ake rugawa kemis a sayo masa ba tare da likita ya duba shi ba.