Wakilta aiki: me ake nufi, kuma yaushe ya kamata oga ya saki hannu?

Kwanaki a wata bita da aka yi wa shugabannin ƙungiyoyin manoma nan wajenmu mai koyarwa ya yi ta maimaita "ku dinga wakilta aiki", da aka fito sai wani dattijo ya ce min yo ai shi kullum yana wakilta yara, ko jiya ya tura ɗansa sayo taki. Na ce Baba wannan ai aike ne. Mun daɗe a gindin darbejiya muna ja kafin mu fahimci juna, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ɗan aike ƙafarka ce kawai, ka ba shi kuɗi ka ce buhu biyu na yuriya, in ya je ya tarar an ƙara dubu ɗaya sai ya dawo ya tambaye ka. Wakili kuwa kai ne a wurin. Ka danƙa masa aikin tare da ikon yanke shawara a kai, wato ka ba shi wuƙa da nama, amma ka nuna masa iya inda zai yanka. Abu ɗaya ne ba ya tafiya da shi: alhaki. In abin ya ɓaci masu dukiya kai za su tsare, ba ruwansu da yaronka. Dagaci ba ya ce wa hakimi "ai mai unguwa ne ya yi sake" ya tsira da haka.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A littattafan fiƙihu akwai babin wakala guda. Hadisin Urwatul Bariƙi ma da Bukhari ya ruwaito ya isa misali, Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayo biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya ga kuma dinari, Annabi ya sa masa albarka a cinikinsa. Ɗan aike ba zai taɓa yin haka ba. Haka tsarin gandu, mai gida yana riƙe da babbar gona amma yana yankar wa samari gayauna, a nan yaro ke koyon yanke wa kansa shawara tun kafin a bar masa gida.

To yaushe manaja zai saki? Ni tambayar da na fi yarda da ita ita ce, in ya yi kuskure zai gyaru ko ba zai gyaru ba. Ɗauki mai injin casar shinkafa a Kura. Awon buhuna, rubuta sunan masu kawo shanshera, sayen man dizal, biyan 'yan dako da yamma, duk wannan in yaro ya kuskure asarar kwana ɗaya ce gobe a gyara, babu dalilin da oga zai zauna a kansu. Amma ba da bashin buhu ɗari ga dillalin da ba a sani ba, ko cin bashin banki, ko sallamar ma'aikacin da ya shekara goma a wurin, wannan kam a hannunka zai zauna don in ya zube ba ya kwasuwa.

Sai lokaci, kuma nan ne mutanenmu suka fi cutar kansu. Akwai kayan da ba sa jiran kowa. Ina da kawu mai noman rani, tumatur yake kaiwa kasuwar Kwanar Gafan ta hannun ƙaninsa, amma bai taɓa yarda ƙanin ya sallama kwando ɗaya ba sai ya ji daga bakinsa. Wata rana da sassafe mai saye ya taya da daraja, mota tana lodi za ta Legas, ƙanin ya yi ta kira waya ba ta shiga saboda kawu na can cikin fadama ba sabis, kafin a same shi rana ta take motar ta cika ta tashi, kayan sun fara laushi, ƙarshe a wulaƙance aka rabu da su. Da daddare kawu na ta faɗa wai yaron ba shi da wayo. Wallahi yaron ya fi shi sanin kasuwar, shekara nawa yana kwana a cikinta, wuƙar ce kawai ba a ba shi ba. Da tun a gida ya ce masa "in sun kai kaza ka sayar, in bai kai ba ka neme ni" da shi kenan.

Waya ma ta ƙara ɓata lamarin, gaskiya. A da in ka tura mutum Maigatari ranar Alhamis da shanu, ko Wudil ranar Juma'a, dole ka yarda da shi don ba ka da yadda za ka yi sai ya dawo. Yanzu oga na kwance a zaure yana kira duk bayan minti biyar, nawa suka taya, kar ka saki, turo min hoto, ban ga alat ba. Sunan dai wakili amma an mayar da shi ɗan aike mai riƙe waya, shi kuma ganin haka sai ya daina tunani gaba ɗaya, komai ƙanƙantarsa sai ya yi fulashin.

Wa za a ba? Sai an gwada akan san na ƙwarai, fara da ƙaramin abu ka ga yadda zai dawo da lissafi da canji. Zumunci daban iyawa daban, ɗan yayarka da bai iya riƙe naira dubu biyar ba kar ka ba shi makullin sito don kunyar uwarsa, ba wa kura ajiyar nama ne. Kuma in wani ya iya aikin ko da bai kai ka ba, bar masa, hannunsa zai faɗa. Da yawan masu cewa "ba wanda zai yi kamar ni" tsoro ne kawai kar a gane ana iya yi ba su.

Sa ido kuma ba kira ba ne kowane lokaci. Ku yanke rana, misali duk Asabar bayan la'asar a zauna da littafi a bi shiga da fita, tsakanin nan ka ƙyale shi ya yi aikinsa. Dattijon nan na bita da na sake haɗuwa da shi a Gujungu ranar Lahadi ya ce min ya bar wa babban ɗansa sayar da riɗin bana gaba ɗaya, ya dai faɗa masa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. Na ce to wayar fa Baba? Ya yi dariya ya ce sau uku kacal ya kira.