Yarima Philip, Duke na Edinburgh

Yarima Philip (1921–2021) shi ne mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Birtaniya, kuma a tarihin wannan masarauta babu wani miji ko matar mai riƙe da sarauta da ya kai shi daɗewa a wannan matsayi. An haife shi ranar 10 ga Yuni, 1921, a tsibirin Corfu na ƙasar Girka, ɗa ne ga Yarima Andrew na gidan sarautar Girka da Denmark da Gimbiya Alice ta Battenberg. Bai cika shekara biyu ba aka kori iyalinsu daga Girka a 1922, bayan Turkiyya ta ci ƙasar da yaƙi, har sai da jirgin ruwan yaƙin Birtaniya ya kwashe su, jaririn yana kwance cikin akwatin 'ya'yan itace da aka mayar masa gadon barci. Ya yi karatu a Faransa da Ingila da Jamus, sannan ya kammala a makarantar Gordonstoun ta Sikotiland a ƙarƙashin Kurt Hahn, malamin da tarbiyyarsa ta juriya da dogaro da kai ta bi shi har tsufa.

A 1939 ya shiga rundunar sojan ruwa, ya kuma yi Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya kula da fitilun hasko abokan gaba a jirgin Valiant lokacin gumurzun Matapan, a teku kusa da gaɓar Girka, a 1941. An ɗaura aurensa da Gimbiya Elizabeth ranar 20 ga Nuwamba, 1947, bayan ya ajiye muƙamansa na Girka ya zama ɗan Birtaniya, suka haifi 'ya'ya huɗu: Charles da Anne da Andrew da Edward.

Rayuwarsa ta sauya baki ɗaya a Fabrairun 1952, suna ziyara a Kenya, lokacin da ya zama shi ne ya shaida wa matarsa rasuwar mahaifinta, Sarki George na Shida. Ya riga ya bar aikin sojan ruwa da yake ƙauna tun 1951, a bikin naɗin sarauta na 1953 kuwa ya durƙusa gaban matarsa ya yi mata mubaya'a. Tsarin mulkin Birtaniya bai tanadar wa mijin sarauniya wani aiki ba, ba shi da hurumin shiga harkar gwamnati, kuma a bainar jama'a sai ya biyo bayanta. Abin da ya cancanci a yaba masa a kai shi ne bai zauna zaman kashe wando ba, ya nema wa kansa aikin yi. Ya zama uban ƙungiyoyi sama da 780, ya shugabanci asusun kare namun daji na WWF a matakin duniya daga 1981 zuwa 1996, ya kuma riƙe muƙamin uban jami'o'in Cambridge da Edinburgh shekaru da dama. Mafi tasiri a ayyukansa shi ne shirin lambar yabo ga matasa da ya kafa a 1956, wanda ke horar da 'yan shekara 14 zuwa 24 kan aikin sa kai da koyon sana'a da motsa jiki da tafiyar daji, wanda a yau ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 100.

A farkon shekarar 1956 ya raka Sarauniya Najeriya, aka shirya musu gagarumin hawan daba a Kaduna, zamanin da Sardauna Ahmadu Bello yake Firimiyan Arewa, suka kuma ziyarci Kano. Sun sake zuwa Najeriya a 2003 don taron shugabannin ƙasashen Commonwealth a Abuja.

Ya sha suka kan subul da baka da yake yi, domin wasu kalamansa game da al'ummomin ƙasashen waje sun ɓata wa mutane rai ƙwarai, haka nan damisar da ya harbe a Indiya a 1961 ta janyo masa tsangwama daga masu kare dabbobi.

Ya yi ritaya daga ayyukan masarauta a Agustan 2017, bayan ya halarci hidimomi 22,219 shi kaɗai. Ya rasu ranar 9 ga Afrilu, 2021, a fadar Windsor yana da shekara 99, kuma saboda annobar korona mutum 30 kawai suka halarci jana'izarsa. A 2023 Sarki Charles na Uku ya ba ƙaninsa Edward sarautar Duke na Edinburgh, wadda mahaifinsu Philip ya riƙe.