Wace hujja alƙali yake karɓa a tiribinal?

Da yawa daga cikin waɗanda suke fitowa daga babbar kotun Tawa suna cizon yatsa ba ƙarya suka yi wa alƙali ba. Hujjar da suka zo da ita ce ba ta dace da irin ƙarar da suka shigar ba. A Nijar babu doka guda da ta tattara dukan ƙa'idojin hujja wuri ɗaya. Shari'ar laifi da nata tsari, rikicin bashi da nasa, ciniki tsakanin ƴan kasuwa da nasa, gona da gado kuma al'ada ce take jan ragamarsu. Shaidun baki biyu da za su ƙwato maka gona suna iya kasa ƙwato maka kuɗin da ka ranta.

Kafin komai akwai tambayar wa zai kawo hujja. Aya ta 1315 ta kundin dokar farar hula, wanda muka gada daga Faransa, ta ɗora nauyin a kan mai nema: in ka ce kana bin wani, kai za ka tabbatar. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san wannan, don fiƙihu ma cewa ya yi hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Sai dai ayar tana da rabi na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Wanda ya amsa cewa ya ci bashin amma ya biya, nauyin ya komo kansa. Da zarar ka ce "Ranka ya daɗe, na karɓa amma na mayar masa," ka sauke wa abokin shari'arka kaya ka ɗauka, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce: ina rasit, wa ya ga ka biya?

A rikicin bashi da yarjejeniya tsakanin mutanen da ba ƴan kasuwa ba, takarda ce gaba. Aya ta 1341 ta ce in abin ya wuce wani adadin kuɗi, sai da rubutu, kuma ba a sauraron shaidun baki don su ƙaryata ko su ƙara a kan abin da takarda ta ƙunsa. Ɗauki malamin makaranta da ya ranta wa maƙwabcinsa jika ɗari uku bayan sallar isha'i, a gaban mutum biyu, ba a rubuta komai ba. Shekara ta zagayo, maƙwabci ya ce bai san zancen ba. Malamin zai zo da shaidunsa yana ganin magana ta ƙare, amma in lauyan ɗaya ɓangaren ya tsaya a kan ayar, alƙali yana iya ƙin gina hukunci a kan bakinsu kaɗai.

Dokar ba ta rufe hanya ruf ba. In akwai wani ɗan rubutu da ya fito daga wanda ake ƙara, wanda yake nuna zancen bashin yana da tushe, ko da saƙo ne da ya aiko yana cewa a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata, to aya ta 1347 ta yarda a cike gibin da shaidu. Aya ta 1348 kuma ta yi uzuri ga wanda bai samu damar neman takarda ba, ko wanda tasa ta halaka a gobara ko ambaliya. Nan ne ake shigo da zancen kunya da zumunci: mutum ba ya iya ce wa mahaifinsa ko surukinsa ya sa hannu. Amma alƙali ne yake auna uzurin, kuma a ganina ba abin dogaro ba ne. Kunyar da ta hana ka neman takarda ba ta hana wancan musantawa ba.

Takardun ma suna da daraja hawa-hawa. Wadda aka yi a gaban notar, jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, abin da ya rubuta cewa ya gani da idonsa ba a rushe shi sai ta hanyar ƙarar jabu, hanya mai wuya da tsada. Wadda kuka rubuta tsakaninku tana aiki muddin wanda ya sa hannu bai musanta hannunsa ba. In ya musanta, sai an gwada rubutu. Wanda bai iya rubutu ba, ya nemi shaidu su sa hannu kusa da inda ya dangwala yatsa. A wajen tsayawa wani lamuni ma dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci bai ɗaya, ta wajabta haka: mai lamunin da bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da ya ɗaukar wa kansa.

Ƴan kasuwa nasu da sauƙi. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, kuma dokar kasuwanci ta ƙungiyar, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta ce a aya ta 5 ana tabbatar da harkar ciniki a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta waya da kwamfuta. Dillalin albasa a Galmi da ya loda wa wani Alhaji buhu ɗari biyu zuwa Abijan yana iya kawo direban mota, da ƴan dako, da littafin da yake rubuta lodi, da rasit ɗin kamfanin aika kuɗi. Sai dai sassaucin a kan ɗan kasuwa yake aiki. In shi ɗan kasuwar ne yake bin wanda ba ɗan kasuwa ba, sai ya fara nuna wani rubutu kafin a buɗe masa sauran hanyoyin. Mai shagon da yake ba ma'aikata shinkafa bashi har ƙarshen wata ya riƙe wannan.

Inda shari'a ta fi zafi a ƙasar Adar shi ne gona. Dokar tsarin kotuna ta 2018 ta ce a sha'anin aure, saki, gado, wasiyya da mallakar filin da ba a yi masa rajista ba, al'adar masu shari'ar ake bi, kuma alƙali yana zama da mashawarta masana al'ada, galibi malamai, waɗanda yake jin ra'ayinsu amma hukunci nasa ne. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince cewa ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta ta hanyar takarda. Saboda haka bakin dattijo yana da nauyi a nan: wa ya sare dajin, wa yake iyaka da wa, wa ya dasa gambar da ta raba gonakin, wa ake kai wa damin gero bayan girbi a matsayin shaidar cewa aro ne. Wannan dami ɗaya ya raba gardama da yawa, kuma ranar da mai gona ya daina karɓarsa don kara, ranar ya fara sakin hujjarsa.

Kafin a kai rikicin gona kotu sai an bi ta wajen mai gari ko sarki don sulhu. Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, a nemi a rubuta takardar zaman, don ita alƙali zai fara tambaya. Akwai kuma hukumomin filaye, Kofo, tun daga gari har komin da gunduma, masu ba da takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Ƴan bida da suke aiko kuɗi daga Abijan ko Libiya a saya musu gona su ne suka fi buƙatar wannan, kuma su ne suka fi sakaci da shi. Kuɗin ya bi ta hannun ƙane, an yi ciniki da baki, mai sayarwa ya rasu, magada sun ce jingina ce. Dattawan da suka halarci cinikin ba za su dawwama ba.

In hujja ta ƙare sai rantsuwa. A al'ada da Alƙur'ani ake yi, kuma kundin dokar farar hula ma ya san ta: kana iya miƙa wa abokin shari'arka rantsuwa, in ya rantse ya ci, in ya ƙi kuma bai mayar maka da ita ba ya faɗi. Mai miƙawa ya sani cewa ya sa dukan ƙararsa a bakin wani ne, in an rantse ba zai dawo gobe da sabon shaida ba.

Shari'ar laifi ta sha bamban da duk wannan. Dokar bin bahasin laifi, wadda ta samo asali tun 1961 aka yi ta yi mata gyara, ta bar hanya a buɗe: ana tabbatar da laifi da kowace irin hujja, alƙali kuma yana hukunci da abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Sharaɗin shi ne hujjar ta zo gabansa a zaman kotu, kowane ɓangare ya gan ta ya yi magana a kanta. Abin da aka raɗa masa a gida ko ya ji a rediyo ba ya shiga hukunci. Nauyin tabbatarwa yana kan mai gabatar da ƙara na gwamnati, in shakka ta rage kuma wanda ake tuhuma ne yake cin moriyarta.

Mutane suna ɗauka cewa abin da aka rubuta a komisariya ko jandarmari ya zama yankan wuƙa. A yawancin laifuka wannan takarda bayani ce kawai da alƙali zai auna; a ƙananan laifuka irin na hanya ne ake riƙe ta a matsayin gaskiya har sai ka kawo abin da ya ƙaryata ta. Amsa laifi ma haka yake, alƙali ba dole ne ya yarda da shi ba. Wanda aka samo da duka kuwa bai halatta a yi aiki da shi ba: Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1998, kuma aya ta 15 ta hana kafa hujja da maganar da aka tatso ta wannan hanya. Wahalar ita ce nuna cewa an yi dukan. Shi ya sa takardar likita take da muhimmanci tun tabon bai warke ba, kuma ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsayawa tare da mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Kada ka sa hannu a kan abin da aka rubuta da Faransanci ba a fassara maka ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin hukumar agajin shari'a, ANAJJ, a babbar kotu.

Shaida yana rantsuwa kafin ya yi magana, shaidar zur kuma laifi ce mai kai mutum gidan kaso. Yaron da bai kai shekara 16 ba da dangin wanda ake tuhuma na kusa, irin uwa, uba, ɗa ko mata, ana jin su ba tare da rantsuwa ba, alƙali ya auna maganarsu da sanin kusancin.

Saura salula, wadda yanzu rabin hujjojin mutane a cikinta suke. Dokokin 2019 kan mu'amala ta intanet da laifukan intanet sun karɓi hujjar da ke cikin na'ura, bisa sharaɗi biyu: a iya gane daga wa ta fito, kuma a tabbata ba a taɓa ta ba. Hoton allo da aka tura daga waya zuwa waya har sau uku yana da rauni, don abokin shari'a zai ce lambar ba tasa ba ce ko an yanke farkon maganar. Muryar WhatsApp da Alhaji ya ce "na ga kaya, jibi zan aiko" tana da ƙarfi muddin tana cikin wayar da ta karɓe ta, da lambar da ranar. Kada ka goge hirar don fushi, kada ka sayar da wayar. In kuɗin da ake magana masu yawa ne, kai ta wajen wisiye, jami'in shari'a mai kai sammaci da rubuta takardar shaidar abin da ya gani, ya duba ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, da lambar da saƙon ya fito, ka haɗa takardarsa da rasit ɗin aika kuɗi kafin ranar zama.