Olsa: Sunan Da Ya Haɗiye Kowane Ciwon Ciki

Ka kunna rediyo da asuba a Kumasi, ko ka hau trotro daga Asawase zuwa Kejetia, da wuya ka rasa mai tallan magani yana rantsuwa cewa kwalbarsa na kashe olsa har saiwa. Wanda ƙirjinsa ya yi zafi bayan ya ci waakye da shito, olsa. Wadda cikinta ke kumburi, olsa. Azumi na matsowa kuwa, rabin zango sun kamu.

Olsa gyambo ce, miki na gaske a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Yunwa ba ta haƙa shi, barkono ma haka. Iyakarsu su tsokani wanda ya riga ya samu. Manyan masu laifi biyu ne: magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da aspirin, waɗanda direbobi da 'yan dako ke watsawa baki kamar gyaɗa, sai kuma ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori.

Su kansu likitoci sun daɗe suna ɗora laifin a kan damuwa da yaji. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce ƙwayar cuta ce. Aka yi musu kallon masu shirme, wai wace halitta za ta rayu cikin ruwan tumbi mai tsananin tsami? A 1984 Marshall ya dama ƙwayar ya kwankwaɗe, cikin kwanaki amai ya kama shi, aka leƙa tumbinsa aka ga ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yau maganin wannan ƙwayar cutar haɗin ƙwayoyi ne na kwana 10 zuwa 14, ba jarkar da ake sha shekara da shekaru ba.

Zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa maƙoshi kuwa, mai zuwa da ɗaci a baki in an kwanta, muna da sunansa tun kaka da kakanni: ƙwannafi.

Inda abin ke ƙona min rai shi ne haɗiya. Ka gaida dattijuwa, "Hajiya, yaya jiki?" ta ce, "Olsar nan ce, ɗana, tuwo ya daina wucewa, sai koko." Ta rame, zane ya yi mata yawa, gida kuma kowa ya natsu tunda ciwon yana da suna. Olsa ba ta tsayar da loma a ƙirji. Wannan hanyar abinci ce ta tsuke, ko don tabon ƙwannafin shekaru, ko naman bakin tumbi ya ƙi sakewa, ko kuma, Allah ya kiyaye, ciwon daji. Wahalar haɗiya, rama, aman jini, baƙin bayan gida: waɗannan na likitan ciki ne, ba na mai kemis ba.

A asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, wato Gee, ko na Korle Bu a Accra, ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki, bayan mutum ya kwana bai ci komai ba. A fesa maganin kashe zafi a maƙoshi, cikin 'yan mintuna a ga abin da ke ciki, in ta kama a tsinko ɗan nama a kai gwaji. Mai shan omeprazole, maganin rage tsamin ciki, ya faɗa wa likita tun da wuri, domin yana ɓoye ƙwayar Helicobacter pylori a gwaji, akan sa a dakatar da shi mako biyu kafin a duba.