"Ish'ari bai fito ba": mece ce sanarwar imel a kwamfuta?

A ofisoshin Jidda da Makka inda 'yan uwanmu ke aikin takardun masu Umra, ba wuya ka ji wani ya ce "wallahi ish'ari bai fito ba". Kalmar daga Larabci aka aro ta, ish'ar, wato sanarwa. Ɗan akwatin nan ake nufi, wanda ke leƙowa a ƙasan allo kusa da agogo, da sunan mai aikowa da kan saƙon, wani lokaci har da 'yar ƙara.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, fitowar akwatin ba ita ce isowar saƙo ba. Saƙo a sabar kamfanin imel, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonni, yake sauka, ya zauna can. Sai manhajarka ta imel, Outlook ce ko Thunderbird, ta sami labari kafin ta faɗa maka.

Tsohuwar hanyar samun labarin kamar aiken yaro gidan waya ce: ya je ya tambaya, ya dawo, jimawa kaɗan ya sake komawa. Haka tsarin POP3 na 1988 yake. Thunderbird takan leƙa duk bayan minti 10, tsohuwar Outlook kuwa minti 30, sai in ka canza da hannunka. To wakili a Kano ya turo jerin fasfo da ƙarfe 8 na safe, ƙarfe 10 ke nan a Jidda, ya bugo waya yana faɗa, kai kana rantsuwa ba ka ga komai ba. Ku duka kuna da gaskiya. Yaron ne bai koma ba tukuna.

A 1997 aka ƙara wa IMAP, wani tsarin karɓar imel na daban, wani umarni mai suna IDLE. Manhajar takan riƙe layi a buɗe, saƙo na sauka saba ta sanar da ita nan take. Duk da haka sai ta sabunta umarnin kafin minti 30 su cika, don kada saba ta ɗauka babu kowa ta yanke layin. In akwatin imel ɗinka na da wannan, ban ga dalilin zama kan POP3 ba.

Abin dariya, ɗaya daga cikin manhajojin farko na sanar da isowar imel, biff, ta jami'ar Berkeley a Amurka wajen 1980, sunan wani kare ta ci, wanda aka ce yana yi wa mai kawo wasiƙa haushi.

Kafin ka ɗora wa intanet laifi, duba kusa. Thunderbird ko tsohuwar Outlook, in aka rufe ta gaba ɗaya, ba ta sanar da kowa. Yanayin "kar a dame ni" na Windows yana haɗiye akwatin shiru. A tsohuwar Outlook kuma, saƙon da ka kafa wa doka ya wuce wata jaka (folda) kai tsaye ba ya fito da sanarwa, sai ka ƙara umarnin hakan a cikin dokar.